Yadda Za Ka Mayar da Na'urar Gem ta Hannu Abokiyar Karatun Yaronka

Ɗiyar yayata tana aji huɗu na firamare lokacin da na lura da abin da take yi idan an tambaye ta bakwai sau takwas. Sai ta sunkuyar da kai, ta zura hannuwa ƙarƙashin hijabi, leɓenta yana motsi, tana tara bakwai-bakwai da yatsu. Amsar takan zo daidai, amma kafin ta zo an wuce wurin. Ba fahimta ce ta rasa ba, bita ce ta yi mata ƙaranci. A ajin da yara suka cika maƙil, malami ba shi da sararin tsayawa a kan kowa ya yi ta maimaita masa abu ɗaya har ya zauna.

Akwai wata tsohuwar Nintendo DS Lite a gidan, da kaset ɗin Brain Age a ciki. Na ce ta riƙa yin lissafi ashirin na cikinsa kullum bayan la'asar. Ana riƙe na'urar ne a karkace kamar buɗaɗɗen littafi: tambaya ta fito a shafin hagu, ita kuma ta rubuta amsa da ɗan tsinken rubutu a shafin dama. Kafin hutun zangon ya ƙare hannuwan nan sun fito daga ƙarƙashin hijabi. Abin da ya faru ke nan, kuma ba zan ƙara masa gishiri ba. Ba ta zama gwanar lissafin aji ba, rabawa mai tsawo ma sai da aka zauna da ita da fensir. Amma jadawalin ninkawa ya zauna mata daram.

Daga nan na fahimci matsayin waɗannan na'urori. A makarantar allo akwai ƙarin karatu, wanda sai malam ya biya maka, akwai kuma tilawa, wadda kai za ka yi ta maimaitawa har harshe ya saba. Gem mai koyarwa tilawa ce. Wanda ya saye shi a matsayin malami zai yi asarar kuɗinsa, wanda kuwa ya saye shi don maimaita abin da aka riga aka biya wa yaro zai ga amfaninsa. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka ginu.

Wani zai ce, ai ga waya a hannu, me ya kawo sayen wata na'ura? Gaskiya ne akwai manhajojin karatu masu kyau a waya. Amma wayar tana ɗauke da tallace-tallace, da saƙonni masu shigowa, da TikTok da YouTube nesa da yatsan yaro da taɓawa ɗaya tak. Na'urar gem mai kaset kuwa abin da ka zura mata shi kaɗai take da shi, kuma ba ta cin data.

Mataki na farko: gano giɓin kafin ka shiga kasuwa

Kada ka fara da tambayar wace na'ura ce ta fi kyau. Ɗauko littattafan yaron na aji da sakamakonsa na ƙarshen zango, ka kuma je ka ga malaminsa. Tambayar da za ka yi masa ba "yaya karatunsa?" ba ce, domin amsarta kullum "Alhamdulillahi, yana ƙoƙari." Ce masa: "Malam, a ina yake tsayawa? Me yake ɓata masa lokaci a jarrabawa?" Amsar za ta faɗa ɗaya daga cikin 'yan wurare: jinkiri a ƙananan lissafi, ƙarancin kalmomin Turanci ko Faransanci da kuskuren rubuta su, ko kuma rashin haƙurin zama da tambaya mai buƙatar tunani.

Sai ka yi masa gwajin farko a takarda. Wannan shi ne abin da akasarin iyaye suke tsallakewa, alhali shi ne zai gaya maka daga baya ko kuɗinka sun yi aiki. Idan lissafi ne, zana gidaje goma a tsaye, goma a kwance, ɗari ke nan. Jera lambobi daga sifili zuwa tara a hargitse a sama, ka jera wasu a gefe, yaron ya cike kowane gida da tarawa ko ninkawar lambobi biyun da suka haɗu a kansa. Duba agogo, ka rubuta mintunan da ya ɗauka da adadin kuskurensa da kwanan wata. Idan kalmomi ne, yi masa shifta ta kalma ashirin daga littafinsa na aji. Ninke takardar ka ajiye, za mu dawo kanta.

Mataki na biyu: san abin da gem zai iya da wanda ba zai iya ba

A bayan kwalin irin waɗannan wasanni za ka ga alkawura na "kaifafa ƙwaƙwalwa". An gwada wannan magana. A 2010 mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa binciken da Adrian Owen da abokan aikinsa suka yi a Birtaniya tare da BBC, inda mutum 11,430 suka yi makonni shida suna wasannin motsa ƙwaƙwalwa ta intanet. Sun ƙware a ainihin wasannin da suka yi ta yi, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wasu ayyukan tunani da ba su yi bitarsu ba. A ɗaya ɓangaren, wani gwaji da aka yi a makarantun firamare 32 na Sikotlan, da yara sama da 600, ya nuna cewa waɗanda suka riƙa yin kusan minti ashirin na Brain Training, wato Brain Age ɗin nan, a kan DS kowace safiya sun ƙara sauri da daidaito a lissafin ka.

Sakamakon biyu ba su ci karo da juna ba. Yaro yakan ƙware a abin da ya maimaita, ba a wani abu dabam ba. In kana son saurin lissafi, nemi wasan da lissafin ne tsagwaronsa a ciki. In kalmomi kake so, nemi wanda sai an rubuta kalma ake cin gaba. Wasan tsalle-tsalle da aka ɗan yayyafa wa tambaya ɗaya bayan kowane minti biyar ba zai kai ka ko'ina ba.

Mataki na uku: zaɓi wasan

A nan zan daɗe, domin wasan shi ne jigo, na'urar kuwa jaka ce kawai.

Ga lissafi, wanda na ambata a sama shi ne kan gaba. Ya fito a Japan a 2005, ya iso Amurka da Turai a 2006, kuma an gina shi ne a kan aikin Ryuta Kawashima, masanin ƙwaƙwalwa na Jami'ar Tohoku. A Amurka sunansa Brain Age, a Turai kuma Dr Kawashima's Brain Training, abu ɗaya ne. Yana ɗaukar sunan mutum huɗu a kaset ɗaya, kowa da tarihinsa, yana buga hatimi a kalanda duk ranar da aka yi aiki, yana kuma zana jadawalin ci gaba. Kada ka damu da "shekarun ƙwaƙwalwa" da yake faɗa, an auna su ne da manya, ba su da ma'ana ga yaro. Abu biyu za ka lura da su. Makirfonsa yakan sha wahalar gane lafazi, har masu Turanci a matsayin harshen uwa sun yi ta kuka da yadda ba ya jin kalmar shuɗi, saboda haka a bar sassan magana a riƙe na rubutu. Sannan yana so a rubuta lamba a tsabtace. Ɗiyar yayata ta sha fama da huɗu da tara, har ta gyara yadda take rufe kan tara, gyaran da ya bi ta har cikin littafin aji.

Wanda ya fi shi dacewa da ɗan firamare shi ne Professor Kageyama's Maths Training, wanda ya fito a Turai a 2008, a Amurka kuma ake kiransa Personal Trainer: Math. Hideo Kageyama malamin firamare ne a Japan da ya shahara da tsarin gidaje ɗari, wato irin zanen da na ce ka yi a takarda. Wasan yana farawa daga ƙananan tarawa, yana hawa sannu a hankali. Ba shi da ƙyale-ƙyale, kuma wannan ne alherinsa.

Ga kalmomin Turanci, babu wanda na ga yana jan yaro kamar Scribblenauts na 2009. Ana nuna wa yaro tauraro a saman bishiya, a ce ya ɗauko. Kusan duk abin da ya rubuta sunansa da Turanci sai ya bayyana a gabansa: tsani, gatari, igiya, jirgi mai saukar ungulu. Na ga yaro ya tashi da gudu ya ɗauko ƙamus da kansa, domin yana son raƙumin dawa ya hau wuyansa kuma bai san yadda ake rubuta sunan ba. Na biyunsa, Super Scribblenauts na 2010, ya ƙara da sifofi, yaro ya koyi bambancin ƙaton tsani da ƙaramin tsani a aikace. Sai dai ana iya kiran bindiga da dodanni a ciki, shi ya sa aka ware shi ga 'yan shekara goma zuwa sama. Akwai kuma My Word Coach da My French Coach na kamfanin Ubisoft, na 2007, masu bitar kalmomi kai tsaye. Ga 'yan'uwa na Maraɗi da Damagaram da yaransu ke karatu da Faransanci, akwai English Training na DS, wanda aka yi wa waɗanda Turanci ba harshensu ba ne: a karanta jimla, kai kuma ka rubuta. Kaset ɗin Turai da yawa suna ɗauke da harsuna fiye da ɗaya, duba bayan kwalin ka gani ko da Faransanci.

Ga zurfin tunani da haƙuri, akwai jerin Professor Layton na kamfanin Level-5, wanda ya fara a 2007. Labari ne da aka cusa wa tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa fiye da ɗari. A cikin na farkon akwai na tsallakar da kyarkeci uku da 'yan tsaki uku a kwale-kwale, ɗan'uwan wanda kakanninmu suke yi mana na kura da akuya da damin ciyawa. Yana buƙatar yaro mai iya karanta Turanci sosai, ɗan ƙaramar sakandare misali, kuma ya fi daɗi idan gida ya taru a kai. Picross kuwa ba ya buƙatar harshe kusan ko kaɗan. Lambobi ne a gefen gidaje suke gaya maka nawa za ka cike a kowane layi, har hoto ya fito. Wanda ya yi cinke zai sha kashi, wanda ya bi hujja zai ci, kuma yaro yakan gane haka da kansa cikin kwana biyu.

Idan Switch ce a hannunka, wato wata na'urar Nintendo da ta zo bayan DS, wasannin sun ɗan sauya. Big Brain Academy: Brain vs. Brain na 2021 yana barin kowa ya zaɓi matakin wahalarsa, don haka uba da ɗan shekara bakwai za su iya karawa ba tare da an yi wa yaron alfarma ba. Game Builder Garage, shi ma na 2021, yana koya wa yaro haɗa nasa wasan ta hanyar jona wasu ƙananan halittu da layi, kowace da aikinta, wannan ta karɓi danni, waccan ta ƙirga. Tushen shirya manhaja ke nan ba tare da rubuta dogayen umarni ba, kuma ga yaro mai son kwance rediyo ya ga cikinta ban san abin da ya fi shi ba. Minecraft gini ne da tsari da ƙididdigar kayan aiki, amma ba ya koyar da komai in ba a ba yaro aiki ba. Ce masa ya gina gidanku da ma'auni, zaure da tsakar gida da rijiya, ya gaya maka tubali nawa katangar ta ci. Clubhouse Games: 51 Worldwide Classics na 2020 yana da dara mai ramuka da ludo da ces (wato chess), amma yana da wasannin karta irin na gidan caca, ya kamata ka san da haka kafin ka miƙa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake da Hausa. Wannan rashi ne na gaske, kuma ma'anarsa ita ce a makonnin farko kai ne tafinta.

Duba alamar shekaru a kan kwali. Ta Turai, PEGI, lamba ce ƙarara: 3, 7, 12, 16, 18. Ta Amurka, ESRB, harufa ce: E na kowa, E10+ na goma zuwa sama, T na matasa, M na manya. Alamar tana magana ne a kan abin da ke ciki na faɗa ko tsoro, ba a kan wahalar wasan ba, kuma ma'aunin tarbiyyarsu ba lallai ya zama naka ba. Ka buga shi da kanka na rabin awa tukuna.

Mataki na huɗu: sai na'urar

Wasan da ka zaɓa shi zai nuna maka na'urar. Nintendo DS ta fito a 2004, DS Lite a 2006, kuma an sayar da dangin DS fiye da miliyan 154 a duniya, shi ya sa har yau gwanjonta bai yanke ba. Ga ɗan firamare ita nake fifitawa. Batirinta mai lafiya yana kaiwa awa goma sha biyar idan an rage haske, kaset ɗinta na kowace ƙasa yana aiki a cikinta, kuma ba ta da hanyar yawo a intanet sai an sayi wani kaset na musamman.

3DS ta 2011 da 2DS ta 2013 suna cin nasu kaset, suna kuma cin na DS. 2DS ta asali ba ta ninkewa, ba ta da maganar karyewar gaɓa, ta dace da hannun ƙaramin yaro. Nintendo da kanta ta yi gargaɗin kada 'yan shekara shida zuwa ƙasa su kalli hoton 3D, 2DS kuwa ba ta da shi sam. Amma dangin 3DS suna da kulle na yanki: na'urar Amurka ba ta cin kaset ɗin 3DS na Turai. An daina ƙera su a 2020, an rufe kantinsu na intanet a Maris na 2023, don haka kaset ne kawai madogararka.

Switch ta fito a 2017, Switch Lite a 2019 a kan kusan dala 200. Ba su da kullen yanki, cajarsu USB-C ce, amma batirin Lite awa uku zuwa bakwai ne, kuma ba sa cin kaset ɗin DS. Brain Training na Switch yana da wasu sassa masu buƙatar kyamarar da ke jikin Joy-Con na dama, wato mariƙin dannawa da ake cirewa daga gefen Switch, wadda Lite ba ta da ita.

Akwai na'urorin da aka yi wa ƙananan yara takanas, irin Leapster ta kamfanin LeapFrog da ta fito a 2003 da MobiGo ta VTech. Suna koyar da harufa da ƙirga da kyau, sai dai suna cin batirin AA, kuma samun kaset ɗinsu a gwanjo sai an dace. Su kuwa masu arahar nan da aka rubuta wa "400 in 1", tsofaffin wasannin tsalle da harbi ne aka maimaita da sunaye dabam-dabam. Babu karatu a cikinsu.

Mataki na biyar: gwada ta a gaban mai shago

Ko a Farm Centre ta Kano ne, ko Computer Village ta Ikeja, ko wajen wanda ya dawo da ita daga tafiya, kada ka biya sai ka zauna da ita minti goma. Mai gaskiya ba zai hana ka ba. Ce masa, "Maigida, a ba ni kaset ɗaya in gwada."

Buɗe ta ka rufe sau da yawa, ka dubi gaɓar da ta haɗa sama da ƙasa, domin DS Lite ta yi suna wajen tsagewa a nan. Yayin da kake buɗewa lura da allon sama, in yana ƙiftawa ko launi yana sauyawa, wayar cikin gaɓar ta kusa tsinkewa. Shiga wurin saiti ka daidaita allon taɓawa, sannan ka ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa da tsinken. In layin yana kauce wa bakin tsinken, bar ta, domin wasannin DS da na lissafa da tsinken ake yin su. Danna L da R na kafaɗa sau goma-goma, su ne ƙura ta fi kashewa. Hura iska a makirfo. Juya bayanta ka ga ko murfin batir ya ɗago, alamar batir ya kumbura ke nan. A Switch, shiga wurin gwajin sandar juyawa, ka ɗauke yatsanka, ka ga ko ɗigon ya tsaya cak a tsakiya ko yana tafiya da kansa.

A 3DS ko 2DS, buɗe System Settings ka dubi lambar da ke ƙasan allon sama. Harafin ƙarshe shi ne yankinta: U na Amurka, E na Turai, J na Japan. Mai J ba a mayar da ita Turanci. Ka kuma tabbatar tsohon mai ita bai bar lambar sirri ta kullen iyaye ba, in ya bari a cire a gabanka.

Kaset ma ana yin jabunsa. A jikin takardar kaset ɗin DS na asali akwai rubutu da ya fara da NTR, sai harufa huɗu, sai yanki, EUR ko USA ko JPN. Juya bayansa, lambar da aka buga a can ya kamata ta fara da waɗannan harufa huɗun. Sannan ka yi gwaji mafi muhimmanci: fara wasa, ka adana, ka kashe na'urar, ka kunna. Na taɓa sayen kaset a wani shago, yarinya ta yi mako guda tana tara hatimi, ranar ta takwas komai ya goge. Ta yi kuka sosai, kuma sai da aka sha lallashi kafin ta yarda ta sake farawa.

Maganar caja kada ta wuce ka. Cajar DS da 3DS da aka yi wa Amurka ta wuta 120 ce, tamu kuwa a Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce. Ka soka ta a bango kai tsaye, ta ƙone. Karanta ƙananan rubutun jikinta. Mafita mai sauƙi ita ce igiyar caji mai kan USB, wadda za ka jona da kan cajar waya ko fawa bank ko sola. Bakin DS Lite dabam yake da na DSi, wata 'yar dangin DS, amma DSi da 3DS da 2DS bakinsu ɗaya. Cajar Switch ta asali tana ɗaukar wuta daga 100 zuwa 240. Sayi ƙaramar jaka mai zif saboda ƙurar hunturu, da tsinken rubutu na ajiya guda biyu, domin na farkon zai ɓata.

Mataki na shida: kafa doka tun ranar farko

Kafin yaron ya taɓa ta, saita kulle. A 3DS lamba huɗu ce, da ita za ka rufe burauza da hoton 3D da wasannin da suka fi shekarunsa. A Switch akwai manhajar waya mai suna Nintendo Switch Parental Controls, wadda take ba ka damar yanke mintunan kowace rana, ta dakatar da wasa in lokaci ya cika, ta kuma nuna maka abin da aka buga. DS Lite ba ta da kulle, kullenta shi ne kaset ya kwana a aljihunka.

Ka faɗa wa yaron a fili cewa na'urar ta gida ce, aro ake ba shi. Minti ashirin na wasan karatu a rana ya wadatar, a lokaci ɗaya sananne, bayan an dawo Islamiyya an yi aikin gida, ba da daddare a kan shimfiɗa ba. Kullum kaɗan ya fi awa uku ranar Asabar, kamar dai yadda hadda take. In ya cika kwana biyar, a ba shi rabin awa na wasan da ransa yake so a ƙarshen mako. Kada ka hana wannan, shi ne yake riƙe sauran. Yaran da ba su kai biyar ba kuwa a bar su da ƙasa da tatsuniya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada 'yan shekara biyu zuwa huɗu su wuce awa ɗaya a gaban allo a rana, in ya gaza haka ma ya fi.

Makon farko zauna kusa da shi. Fassara masa umarni, amma kada ka faɗa masa amsa. Idan ya gama, tambaye shi abu ɗaya: "Wanne ne ya ba ka wuya yau?" In ya ce shida sau bakwai, rubuta shi da alli a bango ko ƙofar ɗaki, gobe kafin ya kunna ya faɗa maka. Kalmomin da ya tsinta a Scribblenauts ya zuba su a ƙaramin littafi, kowace da ma'anarta da Hausa. In akwai DS biyu a gida ko a maƙwabta, Download Play yana barin kaset ɗaya ya ɗauki na'urori da yawa ba tare da intanet ba, a Brain Age har mutum goma sha shida suna iya yin tseren lissafi. Mai makarantar darasin yamma zai iya cin moriyar wannan sosai.

Mataki na bakwai: koma kan takardar nan

Bayan mako huɗu, ɗauko takardar da ka ninke. Zana sabbin gidaje ɗari da lambobi a wani jeri dabam, ko shifta mai wahala irin ta farko, ba na'ura a kusa, fensir kawai da agogo. Kwatanta biyun. In mintuna sun ragu ko kuskure ya ragu, ci gaba wata ɗaya, sannan ka matsa zuwa giɓi na gaba. In makinsa a cikin gem yana hawa amma takarda ba ta motsa ba, ya koyi dabarun wasan ne kawai, sauya wasan. In duka biyun ba su motsa ba, to ba bita ce matsalar ba, asalin darasin ne bai shiga ba, sai a koma wajen malami a sake biya masa daga tushe. A irin wannan hali yana da kyau a duba idonsa da jinsa a asibiti, musamman in yana kusanto da allo dab da fuska.

Lura da halinsa ma, ba maki kaɗai ba. Yaron da ya fara ɓoye na'ura a ƙarƙashin matashi, ko yin ƙarya a kan lokaci, ko jan ƙafa in an kira salla ko an aike shi, ko fushi mai tsanani in an karɓa, a ɗauke ta mako biyu cur, a gaya masa dalili cikin natsuwa ba da duka ba. Idan aka dawo da ita, a dawo da rabin lokacin da, kuma a tsakar gida inda kowa yake gani.